Mutumin da Yake Cin Tuwo Ta Gefe Huɗu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma ranar Talatar da ta wuce Baba ya riga mu. Ina zaune a tsakar gida, ban gama yarda ba tukuna, sai na ji ana sanarwa a lasifikar masallacin unguwa cewa Allah Ya yi wa mai gyaran keken ɗinki rasuwa, mutumin Nijar ɗin nan. Na san mai sanarwar, mutumin kirki ne, bai faɗa da wata manufa ba. Amma hawayen da suka ƙi zuwa tun safe a lokacin suka zo, kuma rabinsu na fushi ne. Shekara arba'in da 'yan kai Baba ya yi a Kazaure. A nan ya yi aure, a nan aka haife ni, a nan ya binne Inna, duk da haka ranar da ya mutu sai da aka tuna masa inda ya fito.

Matan da suka cika gidan kowace da abin da ta zo da shi a baki. Wata ta ce keken da ta ciyar da marayunta da shi, Baba ne ya raya mata shi sau ba adadi. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, baƙo ne amma ya fi wasu 'yan garin kirki. Na ce mata na gode, don yabo ta yi niyya. Da ba ranar makoki ba ce, da ta ji amsar da ta fi wannan tsawo, duk unguwar an san bakina.

Wayarsa kuwa ba ta huta ba. Wani tsohon malamin makaranta, Bayarabe, ya kira daga kudu, Hausarsa ta tsufa ta karkace, yana kuka yana neman kalmomin gaisuwar mutuwa yana rasa su. Wani Babarbare da ya taɓa aikin asibiti a nan ya kira, ya yi addu'a mai tsawo. Dukansu tambaya ɗaya suka ƙare da ita, ko har yanzu ana fitar da kwano a ƙofar gida. Na ce ana fitarwa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi sauran ba.

A kwana na biyu ƙanin Baba ya iso daga ƙauyensu can gaba da Magarya. Sai da ya yi tambaya a tasha kafin ya gane gidan. Cikin hira ya ce mini a can gida “na Najeriya” ake kiran Baba, yara ma ba su san sunansa ba. A nan ne na gane cewa in ban rubuta labarinsa ba, can za su bar wa nan, nan su bar wa can, ya faɗi a tsakani. Abin da ya fi tsoro ke nan duk rayuwarsa, ya mutu yana baƙo.

Yana saurayi ya shigo ta Babura da jakar kayan gyara, ya bi kasuwanni yana duba wa teloli kekunansu har ya tsaya a Kazaure, ya kama ɗaki a wani soro. Labarin farkon zamansa ya ba ni shi ya fi a ƙirga, kullum yana ɗiga wa wani keke mai, kullum kansa a sunkuye. A lokacin in an idar da magariba magidantan unguwa sukan fito da kwanukansu ƙofar wani gida, a haɗa a yi ciyayya, kowa ya ci na kowa. Mutanen kirki ne, yana cewa, ba su taɓa ci suna kallonsa ba, sai sun ce ya matso. Amma gwauro ba shi da kwano. Ya ci na mutane wata ɗaya, ya ci wata biyu, a na uku hannunsa ya yi nauyi. Sai ya koma in an sallame salla ya sulale ta bayan masallaci, ya hau wani ɗan dutse a bayan unguwa ya zauna har a gama.

A kan dutsen nan ya tarar ba shi kaɗai ne mai wannan dabarar ba. Malamin nan Bayarabe yana can da burodinsa a leda, ya juya wa gari baya yana ci. Bayan 'yan kwanaki Babarbaren asibiti ya zama na uku. Baba ya ce ba su yi wata hira ba, me za su ce, kowa ya san abin da ya hau da kowa. A ranar ya yi wa kansa alkawari, duk ranar da Allah Ya ba shi kwano, ba wanda zai ƙara hawa dutse.

Da ya auri Inna, 'yar Gwiwa, ko lallen hannunta bai goge ba ya ce ta riƙa ƙara malmala uku ranar Juma'a. Ya sayo tabarmi biyu, ya share ƙofar gida, ya bi baƙin garin ɗaya bayan ɗaya: malaman da aka turo, ma'aikata, fataken hatsi masu lissafi da sefa, masu bautar ƙasa da ba su san ko “sannu” ba. Ya kuma bi 'yan gari, don a cewarsa baƙi su kaɗai in suka taru, dutsen ne aka sauko da shi ƙasa. 'Yan gari suka yi ta cewa to, to, madalla, ba wanda ya zo. Suka raɗa wa wurin suna Tashar Baƙi, wai kowa a ciki mota yake jira. Ana tsokanarsa da cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Yakan yi dariya ya ce raɓar ma tana jiƙa wando.

Wanda ya fara ƙetaro titi shi ne maƙwabcinmu, wanda ƙofarsa ke kallon tamu, na tashi ina kiransa Baffa. Ɗan gari ne na asali, gidansu tun kaka da kakanni, mutum mai murya da saurin hawa da saurin sauka. Wata Juma'a ya ɗauko kwanonsa da kansa ya dire a tabarmar Baba, ya ce ya gaji da jin ƙamshin miyar 'yar Gwiwa daga nesa. Da ya zo sai wasu suka biyo. Kafin shekara ta zagayo abin ya tashi daga Juma'a ya koma kullum, Inna kuwa ta tashi daga ƙorafin Juma'a ta koma na kullum. Tana tuƙa tuwo tana faɗin ita ba ta san gari guda ta aura ba, amma ranar da wani ya yaba miyar wani gida sai ta kwana tana cika tana batsewa.

Dokokin Baba biyu ne, kuma bai taɓa kiransu dokoki ba. Duk mai kawo kwano ya ajiye shi a soro bayan ƙofa, Baba shi kaɗai ke fitowa da su ya jera, ya kwashe faifan ya kife gefe guda, don kada a gane wanda ya kawo da wanda ya zo hannu sake. Ta biyu, ba a tambayar kowa yaushe zai koma gida. In wani sabon zuwa ya yi subul da baka ya tambaya, sai Baba ya miƙa masa ruwa ya ce ya sha, ya ga alamar tuwon ya tsaya masa. Ana yin dariya maganar ta wuce.

Ni ban taɓa zama a majalisar ba, mace ce ni. Ta bayan katangar soro na san ta, da kunne da kuma wanke-wanke. Na san malamin Bayarabe, da yake ba Musulmi ba ne, shi ke gadin kwanuka daga awaki in an shiga salla, har ake kiransa limamin tuwo. Na san ranar da ya kawo miyar garinsu Baffa ya sha ruwa moɗa uku yana rantsuwa an yi niyyar kashe shi. Na san burabuskon Babarbare ba ya kwana. Na san in an gama Baba zai hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa ta shayi, ya yi ta ɗaga ta sama yana tsiyayawa, ana ce masa ɗan Faranshi ya fara bori. Bai taɓa daina cewa lakwal maimakon makaranta ba, kuma in na gyara masa sai ya ce ai ni ya tura, ba shi ya je ba.

Akwai wani Bafulatani daga wajen Roni da ya dawo gari bayan shanunsa sun ƙare. Yana zuwa ya zauna a bakin tabarma, amma ba ya ci, don a tarbiyyarsu babba ba ya cin abinci a idon jama'a. Wasu suka ce girman kai ne. Baba kuwa ya gane kunya ce. Sai ya koma yana barin kwano ɗaya a soro, ya ce wa mutumin don Allah ya shiga ya duba masa ko ya bar tocilansa a ciki. Shi kuma ya zauna a bakin ƙofar ya ba soron baya, yana jan hira da ƙarfi. Wata da watanni ana neman tocilan ɗin nan. Ranar da mutumin ya wanke hannu ya sa a kwano tare da kowa, Baba bai ko ɗaga kai ba, amma da ya shigo gida sai da ya sa Inna ta ji labarin sau biyu.

Abin da ban gane ba ina yarinya shi ne nawa wannan majalisa take ci masa. Baƙo dai tafiya yake yi. Sai ka saba da mutum, ka san yadda yake son shayinsa, takardar canjin wurin aiki ta zo. Baba ne mai rakiya tasha, shi ke ɗaure kaya, shi ke cewa direba ya bi a hankali. In ya dawo sai ya kwance kan wani keke da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa. Mutum ɗaya ne ba ya tafiya, shi ne Baffa. Shi ya sa nake ganin Baba ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfin maƙwabtaka. In Baffa na kan tabarmar, to garin ne ya zo.

Rigimar ta faru shekara shida da suka wuce. A lokacin Inna ta rasu, maigidana ma ya rasu, na dawo gida ni ke tuƙa tuwon. Maƙabartar unguwa ta cika, ana ta shawara ko a ƙara ta wajen bayan dutse ko a nemi sabon fili ta hanyar Roni. Maganar ta zo kan tabarma. Ina soro ina kwashe faifai na ji Baba ya ce bayan dutse ƙasar ba ta da zurfi, masu haƙa za su sha wuya, gara sabon fili. Baffa yana son bayan dutse don kusa da iyayensa ne, kuma an riga an ɓata masa rai a wani wurin. Ya ɗaga murya ya ce:

“Malam, wannan magana ka bar wa masu kakanni a cikin ƙasar nan.”

Matar Baba tana kwance a maƙabartar nan, kowa ya sani, Baffa da kansa ya sa ta a kabari. Na jira in ji Baba ya faɗi haka, na ƙagu ya faɗa, har na kama ƙyauren soro. Sai na ji ya ce, “Gaskiyarka,” ya ci gaba da zuba shayi. Magana zarar bunu ce, Baffa ya fi kowa sanin haka, don bai ƙarasa kofinsa ba ya tashi. Bayan dutsen aka ƙara, kuma can aka kai Baba ranar Talata. An gaya mini sai da masu haƙa suka aika a ƙaro diga.

Washegarin rigimar Baffa bai zo ba. Jibi ma haka. Ba gaba suka yi ba, kada a fahimce ni a karkace. Suna gaisawa a masallaci, in ɗaya ya yi rashin lafiya ɗaya zai aika a duba shi. Kwanon ne kawai bai ƙara ƙetaro titi ba. 'Yan garin da suka biyo Baffa zuwa, da sannu suka bi shi komawa, wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce hawan jini an hana shi gishiri. Tsofaffin baƙi sun tafi, wasu sun mutu. Sababbin kuwa ba sa hawa dutse, teburin mai shayi suke zama kowa ya dasa ido a waya, in Baba ya je ya yi musu tayi su ce sun gode, Baba, wata rana. Ya je har sau nawa, da sandarsa.

Duk da haka bai ce in rage ko malmala ɗaya ba. Kullum bayan magariba zai share ƙofa, ya shimfiɗa tabarmi biyu, ya fitar da kwano. In ya shigo da shi sai ya ce yau an ɗan samu mutane. Nakan duba in ga an ci ta nan, an ci ta can, ta gefe huɗu, kamar mutum huɗu sun zauna sun kewaye shi. Da farko na yarda. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Miyar ba ta raguwa sai ta mutum ɗaya. Kuma akwai yatsansa na tsakiya da allurar keke ta taɓa hudawa ya lanƙwashe, yana barin wata 'yar shaida a jikin tuwo. Duk gefe huɗun shaidar nan ce. Juya kwanon yake yi, ya ɗiba nan ya ɗiba can, don kada in sani.

Ranar da na gane, a gindin murhu na zauna na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar Inna. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na ji haushin garin gaba ɗaya. Sannan na share fuska na shiga wasan. In ya ce an samu mutane, in ce ai na gani, sun ci da yawa. Da safe in raba ɗumame gidajen da ke buƙata ta ƙofar baya. Shi yana rufa mini asiri, ni ina rufa masa, mu biyu a gida muna yi wa juna kara.

Sau ɗaya na kasa daurewa, shekara huɗu ke nan. Na leƙa ta soro na gan shi zaune shi kaɗai a tsakiyar tabarmi biyu, can tsallake kuma Baffa a kan dakalinsa da nasa kwanon, shi ma shi kaɗai. Da Baba ya shigo na ce masa, cikin ladabin da na iya tattarowa, me zai hana ya ɗaga murya ya ce wa Baffa bismilla, tun da ga shi ga shi. Ya daɗe yana goge hannunsa kafin ya amsa.

“Baƙo ake yi wa tayi, uwata. Shekara talatin yana zama a wurin nan ba wanda ya ce masa bismilla. In na kira shi yau na mai da shi baƙo a ƙofata, ramawa na yi ke nan. Ni kuwa ban riƙe shi ba. Wurinsa na nan, ya sani.”

Na ce to. A raina na ce tsofaffi da taurin kai, su suka jiyo. Ya zo mini in saka mayafi in ƙetara in gaya wa Baffa abin da na ji, ko in gaya wa matarsa ta isar. Amma na tashi a kan cewa 'ya ba ta ɗaukar magana tsakanin iyaye, kuma gaskiya, ina jin haushin Baffa, ina ganin wanda ya yi ɓarin shi ya kamata ya kwashe. Na bar shi a haka.

Baba bai yi doguwar jinya ba. Kwana biyar ne, kuma a cikinsu har sau biyu yana tambayata ko an share ƙofa. Allah Ya yafe masa, Ya haskaka inda yake kwance, Ya saukar da shi a gidan da ba a tambayar kowa daga ina ya zo.

Ranar sadakar uku, da hantsi, bayan maza sun watse, aka ce mini Baffa yana soro yana son ganina. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Ya yi mini gaisuwa, na amsa, sai ya tsaya yana kallon tabarmin nan biyu a naɗe a jingine. Can ya ce shi ya san abin da ya faɗa, kuma tun daren ranar bai ƙara jin daɗin tuwo ba. Ya ce da bakinsa ya fitar da kansa daga wurin, da wane ido zai dawo ya zauna ba a kira shi ba.

“Shekara shida, 'yata, kullum sai na sa an fitar mini da kwano waje. A ɗaki likita ya ce in riƙa ci, na ƙi. Ina zaune ina kallonsa yana juya kwano. Na ce ranar da ya huce zai ɗago ya ce bismilla. Har ya tafi bai huce ba.”

Na yi niyyar in yi shiru, amma ba zan bar shi ya tafi da wannan ba, don ƙarya ce a kan mamaci. Na gaya masa abin da Baba ya ce, kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Baffa ya dafa bango ya zauna a ƙasa, a kan simintin soro, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna ba shimfiɗa ba. Bai yi kuka da sauti ba, gemunsa ne kawai ya jiƙe. Sannan ya tambaye ni yaushe Baba ya faɗi haka.

Na ce shekara huɗu.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai, ya dubi titin ta ƙofar soro, ya ce Allah Ya jiƙan ɗan'uwansa, ya lallaɓa ya miƙe. Na tsaya ina kallonsa yana ƙetarawa da sandarsa, tsoho mai ciwon gwiwa, yana hutawa a tsakiya. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, na ƙirga. Taku ashirin da biyu ne. Ni da ƙafata lafiya lau, da bakina da duk unguwa ke tsoro, shekara huɗu ban yi su ba.